Kasimu Yero Ya Tafi Da Muryarsa: Wa Zai Adana Ta 'Yan Wasan Zamfara?

A cikin shekaru takwas, daga 2017 zuwa 2025, ƙasar Hausa ta yi jana'izar mutum uku daga cikin waɗanda suka reni wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin tun yana rarrafe. Alhaji Kasimu Yero ya rasu a Kaduna ranar 3 ga Satumba, 2017. Alhaji Usman Baba Pategi, wanda duniya ta fi sani da Samanja Mazan Fama, ya bi bayansa a watan Nuwamba na 2023. Sai kuma Malam Abdullahi Shu'aibu, wato Karkuzu na Bodara, wanda ya cika a Jos a watan Maris na 2025. A kowane karo abin da aka yi iri ɗaya ne: manya suka aika da saƙon ta'aziyya, jaridu suka buga hoto, jama'a suka tuna da dariyar da aka sha, bayan sadakar uku kowa ya kama gabansa. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya kyautata tamu bayan tasu.

Ni dai malamin harshe ne, don haka hasarar da nake gani a cikin waɗannan rashe-rashe ta wuce ta nishaɗi. Ɗan wasan kwaikwayo na ƙwarai rumbu ne na harshen mutanensa. A bakinsa ake jin yadda ake magana a wani wuri a wani zamani, kuma idan ya mutu ba a adana muryarsa ba, to an binne wani yanki na harshen tare da shi. Wannan ita ce maganar da nake son mu tattauna da mai karatu, musamman mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu da sauran sassan Zamfara, domin a ganina su ne hasarar ta fi yi wa barazana.

Bari mu fara da Kasimu Yero. Mutumin Zariya ne, an haife shi a 1947, ya kuma yi shekara 70 a duniya. Masu kallon talabijin na Kaduna sun san shi da wasan Karambana, inda yake fitowa a matsayin mutum mai shiga sharo ba shanu, wanda ba a yin zance a gabansa bai tsoma baki ba. Sauran 'yan Nijeriya kuwa sun san shi ne da sunan Gaga, kawun nan mai taurin kai a cikin Cock Crow at Dawn, shirin Turanci da Hukumar Talabijin ta Ƙasa, NTA, ta fara nunawa a 1980, wanda aka ɗauka a yankin Jos da tallafin bankin UBA don kwaɗaitar da jama'a noman zamani. Ya kuma fito a cikin Magana Jari Ce lokacin da aka mayar da littafin Abubakar Imam wasan talabijin. Abin lura game da shi shi ne, ko da Turanci yake magana, tunaninsa da ɗaga murya da saukar da ita da yadda yake jan numfashi kafin ya yanke hukunci duk na dattijon Arewa ne. Idan kuma ya juyo Hausa, sai ka ji gatse da habaici da ba'a da shaguɓe kowanne a mazauninsa, ba ya ɗaukar wannan ya ajiye a gurbin wancan.

Samanja shi ma darasi ne mai zaman kansa. Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi, an haife shi a 1942, ya yi aikin soja, sa'an nan ya kawo Hausar bariki cikin rediyo da talabijin a Kaduna. Hausar nan ta bariki, wadda ta cuɗanya da Turancin buroka, ba ta damu da bambance namiji da mace a nahawu ba, kuma ita ce ta haɗa kan sojoji 'yan ƙabilu daban-daban tun zamanin Turawa. Duk ɗalibin da yake son ya nazarci wannan nau'in Hausa a yau, da wuya ya sami shaidar da ta fi faya-fayan Samanja, in har ya same su.

Me ya sa nake cewa faifai ne shaida, alhali ga littattafai? Dalili na farko shi ne rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kalmar "gari" a takarda ɗaya ce, ko garin da ake zama a ciki ake nufi ko garin da ake tuƙa tuwo da shi. Haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama da "fari" na ɗan fari. Kunne ne yake rarrabe su. Ƙamusun Bargery na 1934, duk da girmansa da irin wahalar da aka sha wajen tattara shi, zai gaya maka ma'anar kalma da yankin da ake faɗinta, amma ba zai jiyar da kai yadda uwargida take furta "sannu da aiki" ga amarya har maganar ta zama mari ba. Wannan sai a bakin ɗan wasa.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Mafi yawan wasannin Hausa na rediyo da talabijin na wancan zamani ba a rubuta su kalma bayan kalma ba. Ana zama ne a tsara labari, a raba wa kowa matsayinsa, a yi gwaji, sa'an nan kowane ɗan wasa ya zuba maganarsa daga cikinsa. Ke nan babu wani rubutu da za a koma wa. Faifan da aka ɗauka shi ne asali, shi ne kuma kwafi. To, an san cewa a shekarun da faifan bidiyo yake da tsada, gidajen talabijin a ƙasashe da dama, har da BBC ta Ingila, sun riƙa goge tsohon shiri su ɗora sabo a kansa. A nan gida kuma ga zafi, ga ƙura, ga laimar damina, ga na'urorin da suke karanta irin waɗancan faya-fayai sun daina aiki. Na taɓa tura wani ɗalibina wani gidan talabijin don ya nemo wasanni goma da zai yi nazari a kansu. Bayan makonni yana zirga-zirga, aka buɗe masa wani ɗaki, ya tarar da faya-fayai jibge a ƙasa, babu suna babu kwanan wata, wasu tef ɗinsu ya manne da juna. Ya dawo da guda biyu, ɗayan ma rabinsa labaran ƙarfe bakwai ne aka ɗora a kai.

Domin mu gane cewa wannan hali ba ƙaddarar sana'ar ba ce, ya kamata mu leƙa wata ƙasa mu gani. A birnin Kolon na Jamus an yi wani ɗan wasa mai suna Willy Millowitsch, wanda aka haifa a 1909 ya rasu a 1999. Gidan wasan kwaikwayo ya gada daga iyayensa, kuma wasanninsa na barkwanci ne irin na talakawa, masu ɗauke da karin harshen mutanen Kolon, wanda ya bambanta da daidaitaccen Jamusanci. A 1953 aka nuna wasansa kai tsaye daga dandali a talabijin, daga nan sunansa ya game ƙasar. Birninsa ya ba shi lambar ɗan gari na musamman, aka kafa mutum-mutuminsa tun yana raye, aka kuma sa wa wani fili sunansa. Gidan wasan nasu ya rufe a 2018, amma wasannin da aka ɗauka suna nan a adane, duk mai son ya ji yadda mutumin Kolon yake magana shekaru 60 da suka wuce zai iya ji.

Ba na kiran a kafa wa kowa mutum-mutumi, wannan ba al'adarmu ba ce, addininmu kuma bai yarda da shi ba. Abin da nake so mu duba shi ne ginshiƙan da sana'ar ta tsaya a kansu a can. Jamus tana da gidajen wasan kwaikwayo kimanin 140 waɗanda birane da jihohi suke ɗaukar nauyinsu, ɗan wasan da yake aiki a cikinsu ma'aikaci ne mai albashi da fansho. Tun daga 1983 akwai wani asusun inshora na masu fasaha masu zaman kansu, inda mai fasaha yake biyan kusan rabin kuɗin inshorar lafiyarsa da ta tsufansa, ragowar kuma gwamnatin tarayya da kamfanonin da suke cin moriyar aikin su cike. Tun 1952 kuma gidajen rediyo da talabijin na gwamnati suke da ma'ajiya ta haɗin gwiwa. Wurin aiki, da tanadin tsufa, da ma'ajiya: waɗannan uku ne 'yan wasanmu suka rasa. Shi ya sa Karkuzu, bayan shekaru yana sa miliyoyin mutane dariya, ya ƙare da makanta da neman taimako a bainar jama'a, sai da ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah Ya saka wa Ahmed Musa da alheri, amma kyautar mutum ɗaya ba ta zama tsari.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban kunya. Fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, wata cibiyar adana fina-finai ta birnin Barlin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Wato sai da Jamusawa suka sa hannu kafin mu sake ganin fuskokin iyayenmu, mu ji Hausarsu. In haka ta faru da fim ɗin da aka yi da kuɗin gwamnati daga littafin Firayim Minista, ina ga wasan da wasu samari suka yi a wani ɗakin rediyo na jiha?

Wannan tambaya ce ta kawo ni Zamfara. Mutane da yawa suna ɗaukar cewa wasan kwaikwayo baƙo ne a wannan yanki, na Kano da Kaduna ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. Wasan Marafa, ɗaya daga cikin wasannin farko da Bahaushe ya rubuta aka buga, aikin Alhaji Abubakar Tunau ne, mutumin Mafara, tun a shekarun 1940. Malam Aminu Kano, wanda ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen faɗakarwa tun yana matashin malami, ya koyar a makarantar horon malamai ta Maru, maƙwabciyar Bunguɗu, kafin ya ajiye aiki ya shiga siyasa a 1950. Kafin su duka kuwa akwai tashe, wanda yara suke fara yi idan azumi ya kwana goma, akwai 'yan kama masu kwaikwayon malamai da wa'azin tuwo da miya, akwai wasannin kaka na samari da 'yan mata inda ake naɗa sarki da alƙali da dogarai na wasa. Lokacin da Zamfara take cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin 1 ga Oktoba, 1996, mutanen yankin sun san Idon Matambayi na NTA Sakkwato, wasan da aka yi shi da Hausar yamma ba tare da jin kunya ba.

To ita wannan Hausar ta yamma dukiya ce. Inda Bakano zai ce "muka zo", mutumin Bunguɗu zai ce "munka zo". "Yana zuwa" ta zama "shina zuwa", "yaron nan" ya zama "yaron ga", "rigar sarki" ta zama "rigas sarki", "fara" ta zama "hwara", "me" ta zama "mi", "ne" da "ce" kuma su zama "na" da "ta". Masana tarihin harshe sun daɗe da lura cewa a wurare da dama karin yamma ya riƙe tsofaffin siffofin da karin Kano ya sauƙaƙa, saboda haka wanda yake son ya san yadda Hausa take a da, dole ya saurari Bazamfare. Kuma ko a cikin jihar ba bu ɗaya ba ne. Wanda ya taso daga Bunguɗu ya ratsa Gusau, ya wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi ya isa Tsafe a kan hanyar Funtuwa, kunnensa zai gaya masa cewa yana kusantar ƙasar Katsina. Ba abin mamaki ba ne, tun da sarautar Gusau kanta Sarkin Katsina ake ce mata, ta Tsafe kuma 'Yandoto, sunan tsohon garin malaman nan da ya shahara tun kafin jihadi.

Makaɗan wannan yanki sun yi sa'a. An ɗauki muryoyin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru a faifai, gidajen rediyo suka yi ta sawa, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka bi su suka rubuta tarihinsu suka nazarci waƙoƙinsu. Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, amma yaron da aka haifa jiya zai iya jin sa a wayar hannu. Sai dai harshen waƙa daban, harshen hira daban. Waƙar fada ba za ta nuna maka yadda ake cinikin akuya a kasuwar Tsafe ba, ko yadda surukai suke zance a zaure, ko yadda mai unguwa yake sasanta manomi da makiyayi. Wasan kwaikwayo ne yake kama irin wannan magana, kuma shi ne ba mu adana ba.

Abin da ya maye gurbinsa kuwa bai yi wa yankin adalci ba. Tun da aka fara fina-finan bidiyo na Hausa a Kano da Turmin Danya a 1990, Kananci ne harshen jarumi da jaruma, da alhaji mai kuɗi, da likita da lauya. Idan ka ji "munka" ko "shina" a fim, to galibi an kawo baƙauye ne ko wawa don a yi masa dariya. Yaron da ya tashi a Gusau yana kallon wannan kullum, darasin da yake ɗauka shi ne harshen kakarsa abin kunya ne. Ina ganin haka a aji: ɗalibi zai shigo da Zamfarcinsa garau, kafin ya gama shekara ta biyu ya kankare shi, har yana gyara wa ɗan'uwansa. Daidaitacciyar Hausa tana da amfaninta a rubutu da koyarwa, ni ma da ita nake wannan rubutu. Amma an daidaita ta ne don a sami hanyar rubutu guda, ba don a kashe sauran kare-karen ba.

Sai kuma babbar musiba, wato rashin tsaro. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna tayar da ƙauyuka a Zamfara, ƙananan hukumomin Tsafe da Bunguɗu suna cikin waɗanda suka ɗanɗana. Idan ƙauye ya watse, mutanensa suka bazu a Gusau da Funtuwa da Kaduna da Abuja, ba gonaki kaɗai aka bari ba. Dandalin da ake wasa ya tafi, tsohuwar da take tatsuniya ta rasa masu saurare, yaran kuma za su tashi da harshen inda suka sami mafaka. Karin harshe yana rayuwa ne a inda masu shi suke zaune tare. Abin da a da zai ɗauki shekara 100 kafin ya gushe, yanzu yana iya gushewa a cikin tsara ɗaya.

Na san za a ce, Malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Mutane suna neman abin da za su ci da inda za su kwana lafiya, kai kana zancen wasan kwaikwayo. Wannan magana tana da nauyi, ba na kuma raina ta. Amma a tuna, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar a watan Satumba na 2021, rediyo ne ya rage wa talaka. Kuma duk wanda ya san ƙauye ya san cewa saƙon da aka sa a bakin ɗan wasa, da harshen da mai saurare yake jin nasa ne, ya fi jawabin kwamishina shiga kunne, ko a kan allurar rigakafi ne, ko sa yara makaranta, ko illar kai wa ɓarayi rahoto. Cock Crow at Dawn da Kasimu Yero ya yi suna a cikinsa, ai don noma aka yi shi. Wasu kuma za su kawo maganar addini, tun da jihar tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Amsata ita ce a dubi abin da wasan ya ƙunsa. Wasannin su Kasimu Yero da Samanja uba da 'ya'yansa suna zama su kalla tare ba wanda zai sunkuyar da kai. Abin da ya saɓa wa tarbiyya a hana shi, wanda yake gyara ta kuma a ƙarfafa shi.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu, kuma babu wadda take bukatar biliyoyin naira. Ta farko, gwamnatin jiha ta sa a ƙidaya duk wani tsohon faifan wasa da yake gidan rediyon jihar da tashar NTA ta Gusau, a nemi haɗin kan tashoshin Sakkwato da Kaduna don abin da ya shafi yankin, a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan wasa da na 'yan wasa da shekara, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ta biyu ta shafe mu malamai. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Maru da takwararta ta tarayya da take Gusau, su tura ɗalibai su nemo tsofaffin 'yan wasan da suka rage, na rediyo da na ƙungiyoyin makarantu da na dandali, a yi hira da su a ɗauki muryarsu, a kuma ɗauki tashe a unguwannin Tsafe da Bunguɗu duk azumi. Wayar da take aljihun kowane ɗalibi ta isa wannan aiki. Kundin digiri ɗaya a kan ɗan wasa mai rai ya fi goma da aka kwafo daga na bara.

Ta uku, gidajen rediyon jihar, na gwamnati da masu zaman kansu, su ware lokaci duk mako don wasan kwaikwayo da Zamfarci, wanda alƙali da malami da likita a cikinsa za su yi magana da harshen gida, a biya 'yan wasan haƙƙinsu a kan lokaci. Ta huɗu, a kafa asusun lafiya da tsufa na 'yan wasa, su da kansu su riƙa zuba wani abu, gwamnati ta ƙara, duk tashar da ta sami talla a kan wasa ko ta maimaita tsohon shiri ita ma ta ba da kaso. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta amince cewa mai wasa yana da haƙƙi a kan wasansa. Abin da ya rage shi ne 'yan wasan su haɗa kai su san haƙƙin nasu, masu tashoshi kuma su ji tsoron Allah.

Ga 'yan'uwana 'yan boko da suke Abuja da Kaduna da Legas, waɗanda suka tashi da dariyar Karambana da tsawar Samanja, ina cewa yabon gwani ya zama dole, amma yabon da ya fi amfani shi ne wanda aka yi gwanin yana raye yana ji. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai dattawan da suka yi wannan sana'a a ƙuruciyarsu, yau suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu komai. Idan kun je gida da salla, ku tambaya a nuna muku su, ku gaishe su, ku zauna ku kunna na'ura su yi magana. Kasimu Yero ya tafi, abin da ya tsira na aikinsa shi ne rabonmu. Waɗannan kuwa suna nan tukuna, kuma ba su da lokaci mai yawa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba Zamfara da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya, amin.